Dala 17,000 a shekara don yaro ya buga ƙwallon daren Juma'a: ku ba ni shawara

Maman Uku, Hustan
Salama a gare ku 'yan zaure. Shawara nake nema, kaina ya ɗaure. Babban ɗana yana aji 9, wato shekarar farko ta babbar sakandare, a makarantar gwamnatin unguwarmu, yana buga ƙwallon nan tasu ta Amurka mai hular kwano da ture-ture. Ɗaliban makarantar sun fi dubu uku, masu son wasan kuwa ba a magana, saboda haka duk kakar bana bai fi sau huɗu aka sa shi a fili ba, shi ma a ƙaramin tim na ranar Alhamis, ba babban tim da ke buga wasa ranar Juma'a da dare ba. Ranar Lahadi bayan sujada wani ɗan'uwa a majami'armu ya ja ni gefe, ya ce kocin makarantar Kirista da ɗansa ke zuwa ya ga yaron, ya yaba da ƙirarsa. Wai shekara uku ke nan abokan hamayyarsu na lallasa su, suna neman yara masu jiki. Ya ce mini, "Kada kuɗi ya dame ki, za a san yadda za a yi." Na duba, kuɗin shekara dala 17,000. Babansu aikin dare yake yi, ni ina kula da tsofaffi, ga ƙannensa biyu mata suna tafe. Yaron tun da ya ji maganar ya hana ni sakat. Ni ma ba zan ɓoye muku ba, raina ya biya, don makarantar da ake buɗe aji da addu'a ba abin rainawa ba ce a ƙasar nan.

Kawu Direba
'Yar'uwa, "za a san yadda za a yi" ɗin nan ita ce ta fi ba ni tsoro. Wa zai sani? Ki ce a ba ki a rubuce.

Malama ta Dalas
Kawu ya riga ni. Maman Uku, shekarata goma sha ɗaya ina koyarwa a jihar nan, bari in warware miki abin da ɗan'uwan bai faɗa ba. A Teksas hukumar UIL ce ke kula da wasannin makarantun gwamnati, yawancin na coci kuma suna ƙarƙashin wata hukumar mai suna TAPPS. Duka biyun sun hana a jawo yaro da kuɗi saboda wasa. Tallafin da makaranta mai zaman kanta za ta ba ki bisa ƙa'ida shi ne wanda aka auna da samunku: ki cike fom, ki haɗa takardun haraji, ofishin kuɗi ya yanke. Koci ba shi da hurumi a ciki. In wani ya biya a bayan fage kuma abin ya fito, yaronki ne za a dakatar, koci yana nan da albashinsa. Kada ki ɗauka wasa ne. A jihar Tenesi, kocin Brentwood Academy, ita ma makarantar Kirista ce, wasiƙa kawai ya aika wa yaran aji 8 a 1997 yana gayyatarsu atisaye, rigimar ta je Kotun Ƙolin Amurka har sau biyu, a 2007 kotu ta ce hukumar wasanni na da ikon hana irin wannan zawarci.

Sai tarko na biyu. A ce kun je, bayan shekara kuɗi ya gagara, kun dawo ta gwamnati. Akwai fom da tsohuwar makaranta ke sa wa hannu kan dalilin sauyin. In kwamiti ya ga don wasa aka yi ta ƙaura, ana iya hana shi buga wa babban tim shekara guda cur. Yaron da ya tafi neman fili sai ya dawo ya zauna a benci yana aji 11.

Baban 'Yan Biyu
Ni na taɓa wannan wutar, bari in ba ku labari. Shekara biyu tagwayena suka yi a wata makarantar coci, ba zan kama suna ba. Abin da aka rubuta a shafi daban, abin da ke fita daga aljihu daban. Kuɗin rajista duk shekara, kuma ba a mayarwa. Yunifom daga shago guda da suka zaɓa. Kwamfuta. Abincin rana. Sansanin atisaye lokacin hutu. Ga ƙungiyar iyayen 'yan wasa, a ce gudummawa ce ta ganin dama, amma ranar wasa sunayen waɗanda suka bayar na manne a jikin shinge kowa na karantawa. Babu motar makaranta, ni ke kai su in ɗauko su, minti arba'in kowace tafiya, in akwai atisayen asuba kuwa ƙarfe biyar muna kan hanya. Shekara ta biyu aka ƙara kuɗi. Da aikina ya yi rauni a watan Nuwamba na je in cire su, matar ofis ta jawo takardar da na sa wa hannu, ta ɗora yatsa a kan layin da ya ce kuɗin shekara duka yana kaina ko yara sun zauna ko sun tafi. Na fito na zauna a mota na fi rabin awa ban tayar ba. Sai da muka ci bashi.

Kuma ki tuna, harajin gida da ke riƙe makarantar gwamnati ba a ɗauke miki shi don kin kai yaro wani wuri. Ko haya kike yi, yana cikin kuɗin hayar. Da irin kuɗin nan garin Allen da ke nan Teksas ya gina filin wasa na dala miliyan 60 mai cin mutum 18,000 a 2012, na makarantar sakandare guda ɗaya tak. Tunda ana tatsarmu, gara 'ya'yanmu su mora.

Ɗan Gindiri
To, kun taru kun yi wa makarantar coci rubdugu, bari a ji ta ɗaya ɓangaren. Mu da muka fito daga makarantun mishan a Filato mun san abin da suka yi mana. Iyayenmu sun sayar da acca da awaki suka biya, ba su yi asara ba. 'Yata tana aji 10 a wata makarantar Kirista a nan, su goma sha shida ne a aji, malamin lissafi ya san sunana, in ta yi sanyi kwana biyu sai ya kira ni. Rabin kuɗi muke biya, ta hanyar fom ɗin da Malama ta ambata. Wasu makarantun na rage wa 'yan gida ɗaya, wasu na Katolika na rage wa 'yan cocinsu. Amma sai kin tambaya, kuma da wuri, don zuwa watan Janairu ko Fabrairu da yawa sun rufe karɓar fom.

Shawarata ɗaya ce, Mama. Kada ki je kallon makarantar daren Juma'a. Daren Juma'a kowace makaranta kyakkyawa ce, ga fitilu, ga 'yan badujala, ga fasto na addu'a a lasifika. Ki je ranar Talata da ƙarfe goma na safe, ki roƙa a bar yaron ya wuni a aji tare da su. Ki karɓi takardar bangaskiyarsu ki karanta a tsanake, domin sunan Kirista faɗi gare shi a ƙasar nan, wata koyarwar ba irin wadda kika taso da ita ba ce. Sannan ki ƙirga baƙaƙen yaran da kika gani a aji, ki gwada da waɗanda ke cikin tim. In duk a fili suka taru, kin san abin da ake nema a wurin ɗanki.

Anti Nas
Wannan ƙirgen na Yaya Ɗan Gindiri ya taɓa ni. Ni ta fannin lafiya zan shigo. Ƙaramar makaranta 'yan wasanta kaɗan ne, shi ya sa yaro mai jiki ake sa shi ya buga gaba ya buga baya, ba ya fita hutawa. Abin da yaro ke murna da shi ke nan, ni kuma a asibiti nake ganin ƙarshensa: gwiwa, kafaɗa, buguwar kai. Tun 2011 dokar Teksas ta wajabta wa makarantun gwamnati su fitar da yaron da ake zargin ya bugu a ka, ba ya komawa sai likita ya sa hannu. Ki tambayi ta cocin mene ne tsarinsu, kuma ko suna da ma'aikacin lafiya a kowane atisaye, musamman na watan Agusta da zafin Hustan ke narka kwalta. Ki duba inshorarku ma.

Alhajin Ohayo
Assalamu alaikum. Ku yi haƙuri in sa baki ko da yake ba jiharku nake ba. Hajiya Maman Uku, hamayyar nan da kike ji ta girmi kakanninmu. Kusa da mu akwai makarantun sakandaren Massillon da Canton McKinley, tun 1894 suke karawa. A Massillon jariri namiji in an haife shi, har asibiti ake kai masa 'yar ƙaramar ƙwallo a sa masa a gado. Mutanen da suka ɗauki abu haka, in sun ce suna son ɗanki, kofinsu suke so, ba laifi ba ne, amma ki san da wa kike ciniki. Ni Musulmi ne, babbar 'yata kuma makarantar Katolika ta gama, don karatunsu na kai ta, sun kuma mutunta addininta. Abin da ya sauƙaƙa mana shi ne tallafin jiha na biyan kuɗin makaranta mai zaman kanta, wanda Ohayo ta buɗe wa kowane gida a 2023. Na ji ku ma an yi muku irinsa.

Malama ta Dalas
An yi, Alhaji. Gwamna Greg Abbott ya sa hannu a watan Mayun 2025, an ware dala biliyan 1, kusan dala 10,000 ga kowane yaro a shekara, daga zangon 2026 zuwa 2027. Sai dai ba kowa zai samu ba. In masu nema sun fi kuɗin yawa, yara masu buƙata ta musamman da gidaje masu ƙaramin ƙarfi ake fara dubawa, sauran a yi ƙuri'a. Dole kuma makarantar ta shiga tsarin. Ko an samu, a lissafin Maman Uku saura 7,000, ban da tarkacen da Baban 'Yan Biyu ya lissafo.

In kuma burin yaron jami'a ta ɗauke shi kyauta ne, a faɗa masa gaskiya: cikin yara 100 da ke buga wasan a sakandare, ba su kai 10 da ke bugawa a jami'o'in da ke ƙarƙashin NCAA, babbar hukumar wasannin jami'o'i, ba, masu samun cikakken tallafi kuwa sun fi haka ƙaranci nesa ba kusa ba. Masu farautar 'yan wasa ba sa raina makarantar gwamnati. Kyler Murray, wanda ya zama ƙwararren ɗan wasa, daga makarantar gwamnati ta Allen ya fito, kofin jiha uku a jere ya ci musu. Ɗan aji 9 da ba a sa shi sosai ba, ai haka kowa ke farawa a manyan makarantu. Ya dage da ɗaga ƙarfe, ya shiga tsere da bazara, ya riƙe makinsa, don a nan in makinsa ya yi ƙasa da 70 ko a darasi ɗaya ne, ba ya shiga fili.

Kawu Direba
Ni da na zo ƙasar nan aka ce mini za a je kallon ƙwallo, na zauna awa uku ban ga an taɓa ta da ƙafa ba sai sau biyar. Dala 17,000 kuwa, tirela nawa zan ja zuwa Oklahoma?

Maman Uku, Hustan
Kawu ka sa ni dariya ina cikin damuwa. Na gode muku duka, Allah ya saka. Jiya na kira ɗan'uwan nan na ce a rubuta mini abin da za a rage. Ya yi shiru, ya ce ai irin wannan ba a rubutawa. Na ce to na ji. Duk da haka na kira ofishin makarantar da kaina, ban ambaci koci ba, sun ba mu Talata mai zuwa ya je ya wuni, fom ɗin tallafi kuma yana hannuna. Babansu ya ce sharaɗinsa ɗaya: a yi lissafin da yara uku, in ba za mu iya kai 'yan matan ba in lokacinsu ya yi, shi ma ba ya zuwa. Yaron ya kumbura, ko tuwo bai ci ba daren jiya. Yau da safe dai na ji yana tambayar babansa nawa ne takalmin tsere. Baban 'Yan Biyu, don Allah in sun ba ni takardar yarjejeniyar zan turo maka ka duba mini layin nan kafin kowa ya sa hannu.