Da wane harshe ake ba sojan Ostiriya da Hangari umarni a yaƙin 1914?

Ɗalibi_BirninKebbi:

Assalamu alaikum malamai. Duk inda aka taɓo Yaƙin Duniya na Ɗaya sai a ce daular Ostiriya da Hangari ta wargaje ne don ƙabilu sun yi mata yawa, kowa da yarensa. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, in haka ne, yaya aka yi ta shekara huɗu da 'yan watanni tana fafatawa da Rasha da Sabiya da Italiya? Ko nan Kebbi in ka tara Bahaushe da Badakkare da Bakambare da Bazabarme da Bafillace, sai an sami harshen da zai haɗa su kafin aiki ya tafi. Su da wane harshe ake ba soja umarni? Kuma da gaske ne wasu ƙabilun sun riƙa tsallakawa wurin abokan gaba?

Malam_Argungu:

Wa alaikumus salam. Ɗana, sai ka fara gane yadda aka gina gidan kafin ka tambayi abin da ya rushe shi. Tun yarjejeniyar 1867 ƙasa biyu ce a ƙarƙashin sarki ɗaya, Franz Joseph. Biyena da majalisarta da firaministanta, Budafes ma haka. Abu uku kaɗai suka haɗa: harkokin waje, ma'aikatar yaƙi, da baitulmalin da ke ɗaukar nauyin waɗannan biyun. Duk shekara goma kuma sai an sake zama a yi cinikin kason da kowane ɓangare zai zuba. Mutanen daular sun ɗan haura miliyan 50. Masu Jamusanci ba su cika kashi ɗaya cikin huɗu ba, Hangarawa kamar ɗaya cikin biyar, sauran kuwa Cek ne da 'yan Polan da Yukiren da Romaniya da Kuroshiya da Sabiya da Sulobak da Sulobeniya da Italiya.

Sojan ma kashi uku ne. Akwai babbar rundunar haɗin gwiwa, akwai Landwehr ta ɓangaren Ostiriya, akwai Honvéd ta Hangari wadda da Hangaranci ake ba ta umarni.

A babbar rundunar harshe hawa uku ne. Na farko harshen umarni: kalmomin Jamusanci kusan 80, irin su tsaya, juya dama, harba, waɗanda kowane kurtu zai haddace ko bai san me suke nufi a cikin jimla ba. Na biyu harshen ofis, shi ma Jamusanci, na rahoto da wasiƙa. Na ukun shi ne amsar tambayarka, wato harshen rajimanti. Duk harshen da masu jin sa suka kai kashi 20 cikin ɗari na sojojin rajimanti, ya zama na koyarwa a cikinta, kuma hafsan da aka kawo yana da shekara uku ya koya, in ya kasa a riƙe masa ƙarin girma. Wata rajimantin harshe biyu gare ta, wata uku, har da mai huɗu.

Mu a nan Turawan mulkin mallaka hanya mai sauƙi suka bi: umarnin fareti da Ingilishi, sauran zance da Hausar bariki, kowa ya koya. Da haka sojojinmu suka je Kamaru a 1914. Biyena ba ta da damar yin haka, don babu harshen da za ta ɗora a kan kowa ba tare da majalisa ta kama da wuta ba.

BakinDaga_Zuru:

Malam ya faɗi tsarin daidai, amma tsarin zaman lafiya ne. Ya dogara ga hafsa da sajen da suka shekara da shekaru tare da yaransu, kuma waɗannan mutanen ne aka ƙarar a watannin farko.

Ga yadda ta faru. Babban hafsan hafsoshi, Conrad von Hötzendorf, ya raba sojan kashi uku: babban kaso don Rasha, ƙarami don Sabiya, da na tsakiya wanda za a tura inda wuta ta fi zafi. Da aka shelanta yaƙi a kan Sabiya ran 28 ga Yuli 1914 sai ya tura na tsakiyan kudu. Kwana kaɗan ya tabbata Rasha ta shigo, ya so juya su, masu kula da jiragen ƙasa suka ce jadawalin ba zai juyu ba, sai dai su isa can sannan a kwaso su. An yi biyu babu ke nan. Ba su tsaya sun gama da Sabiya ba, ba su kuma isa Galishiya, lardin daular da ke iyaka da Rasha, a kan kari ba. Sabiyawa suka kori Potiorek, kwamandan daular a can, a dutsen Cer cikin Agusta, suka sake korarsa a Kolubara cikin Disamba. Lemberg, babban birnin Galishiya, ta faɗa hannun Rasha farkon Satumba. Sai Conrad ya tura sojoji cikin duwatsun Karfat a tsakiyar hunturu don ya ceto sansanin Przemyśl, sanyi ya kashe na kashewa, sansanin kuma ya miƙa wuya ran 22 ga Maris 1915 da mutum wajen 120,000.

Wa ya maye gurbin hafsoshin da suka mutu? 'Yan ajiya: lauya, malamin makaranta, akawu, mutum ya yi horon shekara guda, ba ya jin komai sai Jamusanci ko Hangaranci, an ba shi manoman Yukiren ɗari biyu. Kalma 80 ta isa fareti, ba ta isa ka gaya wa soja cewa igwar abokan gaba na bayan wancan tudun, ya bi ta kwari ba.

Maganar tsallakawa kuwa a yi hattara. Shahararren misali shi ne rajimanti ta 28 ta birnin Firag, babban birnin Cek, wadda aka rushe a Afrilun 1915 bisa zargin ta miƙa kanta ga Rasha. Masu binciken baya sun nuna an bar su ne a mugun wuri aka murƙushe su. Manyan hafsoshi sun ji daɗin labarin don ya rufe musu asiri, 'yan kishin Cek da ke gudun hijira su ma sun ji daɗinsa don ya nuna mutanensu ba sa tare da sarki. An kafa rundunar Cek a ɓangaren Rasha, wannan gaskiya ne, akasari daga fursunonin yaƙi. Amma dubi bakin kogin Isonzo: karo goma sha ɗaya Italiya na kawo hari daga 1915 zuwa 1917, Sulobeniyawa da Kuroshiyawa da Hangarawa da Cek ɗin nan dai suka tare ta a ƙarƙashin Janar Boroević.

Ɗalibi_BirninKebbi:

Na gode ƙwarai. An ce har da Musulmi a cikinsu, haka ne?

BakinDaga_Zuru:

Haka ne, 'yan Bosniya. Daular ta mamaye Bosniya a 1878, ta haɗe ta a 1908, kuma a 1912 Ostiriya ta yi dokar da ta amince da Musulunci. Kafin yaƙi rajimanti huɗu gare su, suna sa jar dara, suna da limamansu na soja. Ba Musulmi zalla ba ne, akwai Kiristoci a ciki. Rajimanti ta biyu ita ta fi kowace samun lambobin yabo a duk rundunar, kuma ita ta kama dutsen Meletta daga hannun Italiya a Yunin 1916.

Malama_Gusau:

Malamai, kun tsaya a bariki, ni kuwa a ganina a madafa aka ci daular nan da yaƙi.

Kafin 1914 daular tana ciyar da kanta. Hatsin Biyena daga Hangari da Galishiya yake zuwa. Galishiya ta zama filin daga tun watan farko, maza da dawaki sun tafi yaƙi, girbi ya ragu, Ingila ta toshe teku. Sai Hangari ta ce ita za ta ciyar da mutanenta da soja, abin da ya yi saura ta aika. Babu wata hukuma da ke da ikon tilasta mata, don yarjejeniyar 1867 ba ta tanadi haka ba. A Afrilun 1915 aka fara katin rabon burodi da gari a Biyena. Mata na kwana a layi. A Janairun 1918 aka rage rabon gari daga giram 200 zuwa 165 a yini, wato kilo guda ya kai mutum kwana shida. Ran 14 ga watan ma'aikatan kamfanin Daimler a Wiener Neustadt suka ajiye aiki, yajin ya bazu ga dubban ɗaruruwa. Farkon Fabrairu sojojin ruwa suka yi bore a tashar jiragen ruwan Cattaro. Ƙarshen Afrilu yunwa ta kai jami'in da ke kula da abinci, Janar Ottokar Landwehr, ya tare jiragen ruwan hatsi a kogin Danub da ke kan hanyar Jamus, ƙawarsu, ya sauke wa Biyena.

Ga kuma siyasa. Firaminista Stürgkh ya rufe majalisar Biyena tun Maris 1914, ba a sake buɗe ta ba sai ƙarshen Mayun 1917. Shekara uku soja ke mulkin yankuna da dama, suna rataye 'yan Yukiren da Sabiyawa bisa zato, suna tsare dubbai a sansanin Thalerhof. Mutumin da da yake kai ƙara kotu a kan haƙƙin harshensa ya kuma yi nasara, yanzu harshen nasa ya zama shaidar cin amana. Stürgkh kansa Friedrich Adler ya harbe shi yana cin abincin rana a Oktoban 1916, bayan wata guda kuma tsoho Franz Joseph ya rasu bayan shekara kusan 68 a kan gadon sarauta.

Malam_Argungu:

Malama, na yarda da ke rabi. Jamus ma ta sha yunwa, ta sha kaye, amma ta tashi tana Jamus. Abin da ya bambanta shi ne a nan kowane mayunwaci yana da wanda zai ɗora wa laifi da sunan ƙabila: na Biyena ya ce Hangarawa sun ɓoye hatsi, na Firag ya ce ana kwashe nasu ana kai wa Jamusawa.

Sannan ƙofar sulhu ta rufe. Sabon sarki Karl ya yi ta neman sulhu da Faransa a asirce ta hannun surukinsa Sixtus. Da asiri ya tonu a Afrilun 1918, dole ya je Spa, hedikwatar sojan Jamus, a watan Mayu ya ƙara ɗaure kansa ga Jamus, daga nan ƙasashen ƙawance, wato su Ingila da Faransa, suka rungumi 'yan gudun hijirar Cek da na ƙabilun kudu irin su Kuroshiyawa da Sabiyawa. Fursunonin da suka dawo daga Rasha bayan yarjejeniyar Brest-Litovsk da ta fitar da Rasha daga yaƙin aka ce su koma daga, suka yi bore a Judenburg da Rumburg. Harin da daular ta kai wa Italiya a kogin Piave a watan Yuni ya watse da sojoji masu yunwa.

Ran 16 ga Oktoba Karl ya yi shelar mai da ɓangaren Ostiriya tarayyar al'ummomi, bai taɓa Hangari ba. Kowace al'umma ta ɗauki shelar a matsayin izinin kafa majalisarta. Firag ta ɓalle ran 28, Zagreb ta Kuroshiya ran 29, Budafes ran 31, gwamnatin Hangari kuma ta kira sojojinta gida ana tsakiyar faɗa da Italiya. An sa hannu a tsagaita wuta ran 3 ga Nuwamba a Villa Giusti. Hedikwatar Ostiriya ta umarci sojojinta su daina harbi nan take, alhali Italiya ta ce sai washegari da ƙarfe uku na rana yarjejeniyar za ta fara aiki, a wannan tazarar ta kama sama da mutum 300,000.