Kunnawa daban, tashi daban: neman Hausar kalmar "boot"

Jama'a, ina so mu tsayar da magana ɗaya a kan kalmar nan ta Turanci ta fannin kwamfuta, "boot". A rubuce-rubucenmu kowa da abin da yake sawa: wani ya ce kunnawa, wani farawa, wani lodawa, wani kuma ya bar ta yadda ya same ta. Ni a ganina Hausarta ita ce tashi, aikin kuma tayarwa. Hujjata tana wajen tsofaffin injuna, domin kwamfutar yau tana gama komai cikin 'yan daƙiƙu, ido ba ya ganin gaɓoɓin aikin.

Mu ɗauki kwamfutar PDP-11, wadda kamfanin DEC na Amurka ya fitar a 1970. Ka ba ta wuta, fanka ta soma juyawa, fitilun gaba sun kama. Ta kunnu ke nan. Amma babbar manhajar da za ta tafiyar da ita tana can naɗe a kan tef, kuma kafin ta karanto tef ɗin sai da wani umarni a ƙwaƙwalwarta da zai ce mata ta karanto. To wa zai shigar da wannan umarnin na farko? Duk abin da ake kira "boot" yana tsakanin kamawar fitila da lokacin da babbar manhaja ta karɓi ragama. Shi ya sa kunnawa ba ta isa ba. Inji zai iya kwana a kunne bai tashi ba.

DEC ta magance matsalar da wasu 'yan ƙwayoyin ma'adana da ba sa gogewa, kowace ɗauke da gajeren umarnin da ya dace da na'ura iri ɗaya. Katin M9312, wani allon lantarki da ake sawa cikin injin, yana da gurbi huɗu na irin waɗannan, kuma ana kiran na'urorin da haruffa bibbiyu: DL na faifan RL01 da RL02, MT na tef mai katin TM11, MS na tef mai katin TS11, MU na injunan tef dangin TK50. Ka buga haruffan, sauran aikin na injin ne.

Rigimar tana tasowa idan injin tef ɗin da ke hannunka ba ya cikin waɗanda ƙwayoyin suka sani. Tef lafiyarsa lau, kebul a jone, amma shiru. Dalili kuwa shi ne kowane kati da yadda ake yi masa magana. TM11 kai tsaye ake rubuta masa yawan abin da zai karanto da umarnin karantawa. TS11 sai an shirya masa umarnin a cikin ƙwaƙwalwa, sannan a nuna masa adireshin wurin. Dangin TK50 kuwa sai an yi musu musayar saƙo mai matakai huɗu kafin ma su saurari komai. Umarnin wannan ba ya motsa wancan ko kaɗan.

A nan ne mutum yake zama gaban inji ya shigar da umarnin da hannunsa. Takardun girka babbar manhajar Unix bugu na bakwai, na 1979, sun ba da kalmomi shida kacal, wato lambobin umarni, na injin tef TU10, a lissafin takwas-takwas, mai amfani da 0 zuwa 7 kawai:

012700, 172526, 010040, 012740, 060003, 000777

Za ka jera maɓallan gaba su nuna adireshi 100000, ka danna maɓallin LOAD ADRS don kafa adireshin. Ka jera kalma ta farko, maɓalli sama ɗaya ne, ƙasa sifiri, ka ɗaga maɓallin DEP don ajiye ta. Adireshin zai matsa da kansa, ka jera ta biyu, har ka kai ta shida. Kuskuren maɓalli guda ya isa ya ɓata duka, don haka mai hankali yakan koma da maɓallin EXAM ya duba fitilu kalma bayan kalma. Ka koma 100000 ka danna START, tef ya ɗan zabura ya tsaya. Kalmar ƙarshe, 000777, cewa take injin ya yi ta zagaye a wuri ɗaya, saboda haka kai za ka tsayar da shi, ka mai da shi adireshin sifiri inda abin da aka karanto ya sauka, ka sake sakinsa. Wannan guntun shi zai jawo wanda ya fi shi girma, shi kuma ya jawo babbar manhaja. (Injunan da ke da tsohuwar ƙwaƙwalwa ta zoben maganaɗisu suna riƙe abin da aka shigar ko an ɗauke wuta, wanda ya rage wa masu aikin wahala sosai.)

Duk wanda ya kalli wannan aikin, me bakinsa zai faɗa? "Ya tayar da ita da hannu." Haka muke cewa da mota: murza makulli daban, tashin inji daban, kuma idan sitata ta ƙi sai a tura ta ta tashi. Masu gyaran waya da kwamfuta ma tuni suke cewa "tana kawo wuta amma ta ƙi tashi". Kalmar tana bakin mutane, rubutu ne ya yi baya.

Wani ɗan'uwa ya kawo lodawa. Malam, lodi yana cikin aikin, ban musa ba, sai dai ana loda hoto, ana loda wasa, a injin da ya riga ya tashi. Idan muka ba "boot" wannan kalmar, mun rasa abin da za mu kira wancan. Farawa kuma ta yi faɗi da yawa, komai ma farawa yake yi.

Wani malamin ya ce mu bi asali, tunda "boot" gutsuren "bootstrap" ne, wato madaurin takalmi, daga maganar Turawa ta mutum ya ɗaga kansa sama ta hanyar jan madaurin takalminsa. Allah ya ƙara sani, asalin haka yake, amma Bahaushe bai san wannan maganar ba, kuma kalmar da sai an ba da labari kafin a gane ta ba za ta yi nisa ba.

Su kalmomin nan shida fa, da 'yan'uwansu na cikin ƙwaya, me za mu kira su? Na so matashi ko matashiya, sai dai duka biyun suna da masu su: ga saurayi, ga abin ɗora kai, ga tunatarwa. Na fi natsuwa da ɗan tayarwa. Gajere ne, ya nuna ƙanƙanta, ya nuna aiki, jam'insa 'yan tayarwa ba ya wahalar da harshe. Daga nan "reboot" ta zama sake tayarwa, a kuma ce tashi daga tef, tashi daga faifai.

Akwai kalma ta biyu da ta fi damuna, "unsupported". Ina ganin ana rubuta "na'urar da ba a goyon bayanta". Don Allah mu daina. Goyon baya na ɗan takara ne da ra'ayi. Abin da ke faruwa a injin shi ne ɗan tayarwan da ke ciki bai san na'urar ba, don haka baƙuwar na'ura ta fi dacewa, ko a ce wadda injin bai sani ba. Wannan ma ya fi bayyana gaskiyar aikin, domin rashin sanin hawa biyu ne. Kana iya shigar da ɗan tayarwa da hannu tef ya karantu, babbar manhaja ta tashi, sannan ita ma ta kasa ganin injin tef ɗin saboda ba a gina ta da abin sarrafa shi ba. A Hausa sai ka ce ta tashi daga gare shi amma ba ta san shi ba, kowa ya gane inda gyara ya rage.

Inda nake son jin ta bakinku shi ne tef da kaset. TU10 buɗaɗɗen naɗi yake ɗauka, mai faɗin rabin inci da layi tara, TK50 da TU58 kuwa tef ɗinsu a cikin kwanso yake. Ina ganin mu bar tef ya zama sunan zaren kansa, kaset kuma na wanda ke cikin kwanso, na'urar mu ce injin tef ko wanne ta ɗauka. Mai gyara a kan wannan ya kawo.