Neman shawara: za mu tashi daga Birnin Kebbi zuwa Gusau, in cika wa masu ɗaukar kaya kuɗi?

Maman 'Yan Biyu: Assalamu alaikum. Don Allah ku ba ni shawara, hankalina a tashe yake. An yi wa maigidana canjin wurin aiki zuwa Gusau, tuni ya tafi ya kama mana haya a Samaru, ni aka bari da yara a Badariya. Kuɗin hayarmu zai ƙare ƙarshen watan nan, mai gidan kuma ya ce ɗansa zai yi aure ya tare a ciki. Kayan ɗakina mahaifiyata ce, Allah Ya jiƙanta, ta sayar da shanunta ta yi mini, gado da sif da tangaran ɗin da ko ranar suna ban bari an taɓa ba. Na ga wani kamfani a Facebook da hotunan motoci masu rufi, sun ce su za su ɗaure, su loda, su sauke. Sun nemi kafin alƙalami, na tura wani abu. Yanzu mutumin ya ce dizal ya tashi, sai na cika rabi kafin mota ta taso daga Sakkwato. In cika?

Tsohon Direba: Wa'alaikumus salam. 'Yata, kar ki ƙara ko kwabo. Mai mota na gaskiya sai ya zo ya ga kaya da idonsa sannan a yi ciniki. Wa ke yanka farashi bai san ko mota ƙirar Kanta za ta ɗauke ko sai babbar mota ba? Ki tura ƙanin mijinki tasha, ya nemi shugabannin ƙungiyar direbobi, NURTW, su haɗa shi da direban da suka san gidansa. A rubuta lambar mota da ta wayarsa. Kuɗin mai kawai ake bayarwa ranar lodi, ciko sai kaya sun sauka Gusau.

Anti Malama: Hmm, su ma na tashar ba waliyyai ba ne. Da muka taso daga Zuru, kwantar mini da firij suka yi suka ɗora buhunan masara a kai, ruwa ya kama su ba tamfol. Har yau katifata warin gumi take, da na yi magana maigidan ya ce na cika mita. Ni dai ki sayar da gado da sif, ki sayi wasu a can.

Maman 'Yan Biyu: Anti, kayan mahaifiyata zan sayar? Kuma Baba, mutumin nan yana da ladabi, har bidiyon motar ya turo mini.

Tsohon Direba: Bidiyo kowa na iya ɗauka a bakin titi. Asusun da kika tura, sunan kamfani ne ko na mutum? Ina ofishinsu? A je a gani. Sannan tafiyar nan ta fi kilomita 300. A bi ta Sakkwato da Talata Mafara, a fita da sassafe, kar direba ya ce zai yanke ta Gummi da Anka, kar kuma dare ya same su a hanya. Namiji ɗaya daga cikinku ya zauna gaban mota.

Uwar Gida Jega: Wanga magana ta Baba gaskiya ta. Ki kira kafinta shi kwance gado da sif, kusoshin ki zuba a leda ki ɗaure jikin katakon. Tangaran ki naɗe kowane da tsohon zane, ki jera su a tsaye cikin kwali, ki cusa tsumma inda ke motsi. Ki rubuta lamba jikin kowane kwali, ki ƙirga gaban direba. Firij a tsaye, in an sauke a bar shi ya kwana kafin a jona. Gwal da takardu cikin jakarki.

Anti Malama: Mutum ya zauna gaban motar kaya a wannan hanyar? Rai ya fi sif. A bar direba ya tafi shi kaɗai.

Tsohon Direba: Shi kaɗai? To ranar da ya tsaya a wani gari ya ce sai an ƙara kuɗi zai ƙarasa, wa za ki kama?

Uwar Gida Jega: Shin maigidan ya san kin tura kuɗin?

Maman 'Yan Biyu: Yana fama da sabon wuri, ban so in ɗora masa. Kuma ƙawata ta ce ta taɓa jin sunansu. In na fasa yanzu, abin da na tura ya tafi ke nan. Ya sake kira, ya ce in na cika yau mota za ta zo Asabar.

Tsohon Direba: Ba ki amsa ni ba, 'yata. Sunan wa ke kan asusun?