Wai da gaske Labour Party ta ƙungiyar ƙwadago ce?

Malamar Firamare:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu sanin tarihin siyasa ku taimaka min, jiya a ofishin malamai gardama ta kaure kan Labour Party, wani abokin aikinmu ya dage wai tun asali NLC, wato ƙungiyar ƙwadago ta Najeriya, ce ta kafa ta, kenan mu ma'aikata ne masu ita. Ni dai gaskiya ban taɓa jin ɗuriyarta ba sai 2022 da Peter Obi ya shigo. To in tamu ce me ya sa ba a taɓa tallata mana ita ba, kuma wai menene ma manufarta?

Tsohon Ɗan Reluwe:
Wa'alaikumussalam 'yata. Abokin aikin naki yana da gaskiya. A 2002 aka kafa ta lokacin Adams Oshiomhole na shugabancin NLC, da farko sunanta Party for Social Democracy daga baya aka mayar Labour Party, ki duba tambarin ma ai za ki ga giyar inji da miji da mata da yaro a ciki. Amma fa wannan yunƙuri ya girme ki. Tun 1963 su Tunji Otegbeye da Wahab Goodluck suka kafa jam'iyyar SWAFP ta ma'aikata da manoma, a 1964 kuma shekarar babban yajin aikin gama gari Michael Imoudu wanda shi ma ɗan reluwe ne ya fito da tasa Labour Party ɗin, duk ba su je ko'ina ba kafin soja su kwace mulki a 1966. Imoudu ɗin nan ne daga baya ya zama mataimakin Malam Aminu Kano a PRP, da ta rabu gida biyu ɓangaren Imoudun ne su Rimi da Balarabe Musa suka bi. A 1989 NLC ta gwada kafa tata jam'iyyar zamanin shugabancin Pascal Bafyau, Babangida ya rushe ta tare da sauran ƙungiyoyin siyasa ya ce kowa ya shiga SDP ko NRC, jam'iyyu biyun da gwamnatinsa ta kafa.
Abin da ke ci min rai har yau, shi kansa Oshiomhole da ya tashi takarar gwamnan Edo a 2007 a jam'iyyar AC ya tsaya. Wanda ya gina gida ya ƙi kwana a ciki, dole 'yan haya su cika shi.

Ɗan Ƙwadago:
Baba Allah ya ƙara lafiya, tarihi ya fita tsaf. Malama batun manufa kuwa a rubuce dai abin da muke fita zanga-zanga a kai ne, albashin da zai riƙe mutum har ƙarshen wata, ilimi da asibiti da talaka zai iya kaiwa, a daina cefanar da kadarorin gwamnati, a biya fansho kan lokaci. Matsalar ita ce 'yan takarar da ke shigowa da nasu tsarin suke zuwa. Olusegun Mimiko ya baro PDP ya shigo, kotu ta ba shi kujerar gwamnan Ondo a 2009, 2014 na yi ya koma inda ya fito. Obi ma daga PDP ya zo a watan Mayun 2022 kuma a kamfen ya fito fili ya ce zai cire tallafin man fetur, alhali NLC ta shafe shekaru tana yaƙi da cire shi, ki tuna zanga-zanga da yajin aikin da aka yi a kai a Janairun 2012. Sannan kar a ɗora wa shugabanni laifin duka, dokar ƙungiyoyin ƙwadago ta hana a ɗebi kuɗin da ake yanka a albashin mambobi a zuba a siyasa, to jam'iyya ba kuɗi dole ta jira mai jaka.

Bakano:
Ɗan uwa ni ban yarda doka ce kaɗai ba wallahi. Doka ta hana ma'aikaci yankar katin jam'iyya ko zuwa taron mazaɓa ne? Mu faɗa wa juna gaskiya, ran yajin aiki kanmu a haɗe yake amma ran zaɓe kowa yankinsa da addininsa yake dubawa. A 2023 Obi ya samu ƙuri'a sama da miliyan 6, ya ci Legas da Abuja da Filato da Nasarawa, nan Kano kuwa ko dubu 30 bai kai ba duk da yawan malamai da ma'aikatan asibiti da muke da su, waɗanda suka zaɓe shi ɗin ma mafi yawa shi suka bi ba NLC ba.

Malamar Firamare:
Na gode ƙwarai Baba, Allah ya saka da alheri. To yanzu a hannun wa take?

Ɗan Ƙwadago:
Ai rigimar kenan Malama. A watan Maris 2024 'yan NLC ƙarƙashin Joe Ajaero suka mamaye hedikwatar jam'iyyar a Abuja suna neman shugaban jam'iyyar Julius Abure ya sauka, shi kuma ya je Nnewi ya yi babban taro aka sake zaɓensa, maganar har Kotun Ƙoli ta kai. Ni shawarata in kun yi taron reshenku na gaba ki miƙe ki tambayi ciyaman ko akwai mutum ɗaya daga cikinku a shugabancin jam'iyyar na ƙaramar hukumarku, ki dawo nan ki faɗa mana amsar da ya bayar.