'Yan matan Afghanistan da karatu ta intanet: yaya ake tsara shi har ya yi amfani?

Baban Ilham:
Assalamu alaikum jama'a. Tun da Taliban suka karɓi mulki a watan Agustan 2021, yarinya a Afghanistan ba ta wuce aji shida. A Disamban 2022 aka rufe wa mata ƙofar jami'a, a Disamban 2024 kuma aka haɗa da makarantun koyon ungozoma da jinya. Duk lokacin da aka tayar da zancen sai a ce ai suna karatu ta intanet. To ta yaya? Akwai wasu malamai da ke son sadaukar da awa biyu ko uku a mako su koyar da Turanci da lissafi kyauta. Me za su tanada, wace manhaja za su ɗauka, kuma in yarinya ta gama me za ta riƙe a hannu?

Injiniya Mai Sola:
Wa alaikumus salam Malam. Abu na farko, su cire Zoom daga ransu a matsayin ginshiƙin karatu. Lissafin a fili yake. Darasin bidiyo kai tsaye na awa ɗaya yana cin data daga wajen MB 500 har ya haura GB 1. Darasi uku a mako, awa 12 ke nan a wata, wato GB 6 zuwa 12. Gidan da ke fafutukar burodi ba zai sayi wannan ba. In an kashe kyamara aka bar murya kaɗai, awa ɗaya ba ta wuce MB 40.

Abin da ya fi shi ne darasin da ake ajiyewa, ɗaliba ta sauke lokacin da ta samu sabis. Kowane darasi ya zama guda uku: saƙon murya na minti 8 zuwa 10, wanda bai kai MB 2 ba, takardar PDF shafi biyu ko uku, sai bidiyon allo na minti 8 in darasin na buƙata. A matse bidiyon zuwa ƙaramin ingancin hoto na 360p da manhajar HandBrake, zai dawo wajen MB 20. Da wannan, karatun mako guda bai kai MB 100 ba.

Dalilin ba tsadar data kaɗai ba ne. A gidaje da yawa waya ɗaya ce, ta uba ko ta yaya, tana fita da safe sai dare take dawowa. Wuta kuma mafi yawanta sayo ta ake yi daga maƙwabta irin su Uzbekistan da Tajikistan, lokacin sanyi ɗaukewa take yi sosai har a Kabul. Don haka in akwai kuɗin tallafi, fawa banki mai 10,000mAh, wanda zai cika waya kamar sau biyu, da ƙaramin farantin sola mai wat 20 sun fi sabuwar kwamfuta amfani.

Sannan a tuna Satumbar 2025. An fara da yanke intanet na kebul ɗin ƙarƙashin ƙasa a lardin Balkh, daga baya aka kashe na ƙasar baki ɗaya daga 29 ga wata, kusan kwana biyu, har kiran waya ya tsaya. Makarantar da komai nata ke kan layi, a ranar ta mutu. Saboda haka a farkon kowane zango a ba ɗaliba darussan zangon duka a memori mai GB 32, ko ta karɓa daga wayar ƙawarta ta Bluetooth. Manhajojin karatu na Kolibri da Kiwix suna aiki ba tare da intanet ba, an yi su ne domin irin wannan hali.

Malama Hadiza Mai Alli:
Injiniya ya gama da na'ura, saura karatun kansa. Malam Baban Ilham, ka gaya musu kada su buɗe tasu makarantar. Yaren koyarwa can Dari ne da Pashto, kuma yarinyar da ta tsaya a aji shida ba za ta fahimci rarraba kaso da Turanci ba. Malamin waje yana da amfani a Turanci da kwamfuta, da lissafi ga manyan ɗalibai, amma sai da malama 'yar ƙasa a tsakani. Akwai waɗanda suka riga suka kafa tsari. SOLA, makarantar kwana ta 'yan mata da Shabana Basij-Rasikh ta kwashe zuwa Ruwanda a 2021, ta buɗe SOLAx a 2024, darussa ta WhatsApp. Akwai LEARN ta Pashtana Durrani, akwai Begum Academy. A tuntuɓi irin waɗannan, a tambayi inda suke da giɓi.

In an ba su aji, su fara da gwajin tantancewa, tambaya 20 daga mai sauƙi zuwa mai wuya. Kada su dogara da "ina aji tara aka rufe". Wadda ta yi shekara uku ko huɗu a gida ta koma baya, lissafi ne kuma ke fara zubewa. A raba su bisa sakamako, ba bisa shekaru ba. Aji kada ya wuce ɗalibai 15 zuwa 20, domin gyaran aikin gida ne ke cin malami: minti 5 kan kowace ɗaliba, aji na 20 ya ci minti 100.

Makonsu Asabar yake farawa, Juma'a ce hutu. A tura darasi Asabar, su yi aiki a takarda su ɗauki hoto su turo Talata, Laraba a yi zaman murya na minti 30 don tambayoyi, a naɗe shi saboda wadda ba ta samu shiga ba. Kabul ta riga Najeriya da Nijar da awa uku da rabi, Ghana da awa huɗu da rabi. Ƙarfe 4 na yamma a Kano ƙarfe 7:30 na dare ne can, daidai lokacin da waya ta dawo gida.

Wani ƙaramin abu da ke ɓata darasi shi ne rubutu. Pashto tana da haruffan da babu su a Larabci, kuma kamar yadda ƙ da ɗ namu ke komawa akwati a wasu wayoyi, haka nasu ke yi. Kada a tura fayil ɗin Word, a mayar da shi PDF tukuna, a buɗe a tsohuwar waya a duba. Lambobin littattafansu ma irin na Farisa ne, ba 1, 2, 3 da muka saba ba, sai an ware darasi guda don wannan.

Ɗan Agaji:
Ban ga an taɓo tsaro ba, alhali nan ne ɗan sa-kai mai kyakkyawar niyya ke jawo wa mutane masifa. An kama Matiullah Wesa na ƙungiyar PenPath a Maris 2023 saboda fafutukar ilimin mata, sai Oktoba aka sake shi. A Fabrairun 2025 an kai samame gidan Rediyo Begum, rediyon mata, a Kabul aka dakatar da shi na wani lokaci. Ba wasa ba ne.

Guruf ɗin WhatsApp na yau da kullum yana nuna lambar kowa ga kowa. Waya ɗaya ta faɗa hannun masu bincike, aji duka ya tonu. Telegram yana bari a ɓoye lamba, amma saƙonnin guruf ɗinsa ba a kulle suke yadda 'yan guruf ɗin kaɗai za su iya karantawa ba. Signal ya haɗa biyun, sai dai ba kowa ke da shi ba. Abin da ya fi sauƙi shi ne a riƙa sakin darasi ta tashar da mabiya ba sa ganin juna, aikin gida kuma kowace ta tura wa malama kai tsaye.

Kowace ɗaliba ta shiga da laƙabi. Kada a nemi hoton fuska, ko katin shaida, ko sunan unguwa. Rajistar sunayen gaskiya ta zauna wajen mutum ɗaya a wajen ƙasar. Kada malami ya ɗauki hoton aji ya sa a Facebook don neman tallafi, ko da ya rufe fuskoki, domin murya da labule da rubutun hannu duk suna tona mutum. Kuma a nemi yardar uba ko yaya tun farko. Wayar tasa ce, in ya ji an ɓoye masa, karatun ya ƙare. Ajin 'yan mata malama mace ya kamata ta riƙe. Namiji ya shirya darasi ya gyara takardu daga baya.

Baban Ilham:
Madalla, Allah ya saka da alheri. Saura maganar takardar shaida, Malama.

Malama Hadiza Mai Alli:
Nan ne gizo ke saƙa. Takardar kammala aji 12 ma'aikatar ilimi ce ke bayarwa, kuma ba ta ba wadda ta yi karatu a waya. Jarrabawar shiga jami'a da suke kira Kankor an hana mata zama tun 2023. Takardar da makarantar intanet ke bayarwa shaidar halarta ce kawai, sai in wata hukumar waje ta tantance makarantar. A tambayi wannan kafin a yi wa yarinya alkawari.

Wadda ta riga ta gama sakandare kafin rufewar tana da hanya. University of the People, jami'ar intanet da ke Amurka, ba ta karɓar kuɗin koyarwa, sai kuɗin neman shiga da na jarrabawar kowane kwas, kuma ta ware wa matan Afghanistan tallafi. Jami'ar Amurka ta Afghanistan ta koma Doha tana koyarwa ta intanet. Ga shaidar Turanci, gwajin Duolingo a gida ake yinsa cikin kamar awa ɗaya, amma yana son kwamfuta mai kyamara, da katin shaida irin fasfo, da layin da ba zai yanke ba. IGCSE kuwa, jarrabawar sakandare ta ƙasa da ƙasa irin ta Birtaniya, galibi sai an je cibiyar jarrabawa, wato a ƙetara iyaka, da biza, da muharrami. A Agustan 2023 an tsayar da ɗalibai mata a filin jirgin Kabul suna kan hanyar Dubai da tallafin karatu a hannu.

Injiniya Mai Sola:
Ƙari kaɗan. Duk abin da muka lissafa na 'yar birni ne mai waya babba. Ta ƙauye rediyo da talabijin na tauraron ɗan Adam ne ke isa gare ta. BBC na da shirin Dars tun Afrilun 2023, da Dari da Pashto, don yara 'yan shekara 11 zuwa 16, Begum TV kuma daga Paris take watsa darussan aji 7 zuwa 12 tun 2024. In malaman naku za su naɗi murya, su yi ta yadda za a gane ba tare da kallon allo ba: a faɗi lambar shafi, a maimaita kowace lamba sau biyu, a bar shiru na daƙiƙa 10 bayan kowace tambaya don ɗaliba ta rubuta amsa.