Nguru: Garin da Layin Dogo Ya Ƙare

Ɗalibi daga Kano: Assalamu alaikum. Na kwana biyu a Nguru kwanan baya, kuma abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda Hausa ta mamaye kasuwar garin da ke cikin tsohuwar ƙasar Borno. Shin jirgin ƙasa ne ya kafa garin, ko kuwa ya tarar da shi?

Malamin makaranta: Wa alaikumus salam, ɗalibi. Jirgi ya tarar da gari, domin tun ƙarnoni kafin zuwan Turawa Nguru ce mazaunin Galadiman Borno, wanda ke tsare yammacin daular. Abin da dogo ya yi shi ne sauya wa garin alƙibla. A 1930 ne layin da ya taso daga Kano, ya bi ta Ringim da Malam Madori da Birniwa, ya tsaya a nan, sai duk gyaɗa da ƙaro da fata da shanun da ke fitowa daga arewacin Borno da ƙasar Damagaram suka riƙa taruwa a tashar. Fatake daga Kano da Haɗeja suka biyo kayan, suka zauna tare da Mangawa da Badawa da Barebari da Fulani. Sunayen unguwanni ma shaida ne: ga Tsohon Nguru, ga Hausari, wato mazaunin Hausawa a harshen Barebari.

Jikan ma'aikacin reluwe: Allah ya ƙara ilimi, Malam. Ni zan ƙara ne a kan gidaje. Kakana ya zauna a kwatas ɗin reluwe, gidaje ne jere masu rufin kwano, a lokacin da mafi yawan gari ginin ƙasa ne da azara, saboda haka samun ɗaki a can alama ce ta albashi. Maƙwabtansa da dama Ibo ne da Yarabawa, direbobi da akawu, kuma yawancin Ibon sun bar garin a rikicin 1966. Yau wasu ɗakunan rufinsu ya yaye, wasu kuma jikokin ma'aikata ne ke ciki.

Malamin makaranta: Haka ne. Sai dai ina ganin ana ɗora wa lalacewar jirgi laifin koma-bayan garin fiye da kima, alhali farin 1973 da cutar da ta kama gyaɗa a 1975 sun riga sun kwashe kayan da taragu ke ɗauka, manyan motoci kuma suka karɓe sauran. Kifin fadamar Haɗeja da Nguru na cikin kayan da ke riƙe da kasuwar yanzu, kuma a mota yake fita.