Neman kalmar Hausa: me za mu kira "tajriba saririyya"?

Assalamu alaikum 'yan uwa na Makka, Jidda da sauran garuruwa. Yau da ƙoƙon bara na zo. Ina neman sunan Hausa ga abin da likitocin nan ke kira tajriba saririyya, Turawa kuma su ce clinical trial, wato binciken da likitoci ke yi a kan mutane don a ga ko wani magani ko wata hanyar kula da mara lafiya na aiki. Shekarata shida ina tafinta a wani asibiti a Jidda, kuma kalmar nan ta sha kunyata ni.

Ta baya-bayan nan a makon jiya ne. An kawo wata tsohuwa daga unguwar Shara Mansur ta Makka da ciwon ƙoda, Larabcinta bai wuce na cefane ba. Likita ya ce in shaida mata akwai wani bincike da ake yi a sashen, in tana so ta shiga. Na ce, "Inna, gwaji ne za a yi." Ta zare hannunta daga kan takardar, ta cusa shi cikin hijabi, ta dube ni sama da ƙasa. "Ɗan nan, har da kai? Ni ce zakaran gwajin dafin?"

Ban ga laifinta ba. Duk Bahaushen da ya yi wayo a 1996 ya san abin da ya faru a Kano lokacin annobar sanƙarau: kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani bincike da ya haɗa yara kimanin 200, goma sha ɗaya suka rasu. Iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba, kamfanin ya ce cutar ce ta kashe yaran, sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Tun daga nan kalmar gwaji take da ɗaci a bakinmu.

Ga waɗanda na auna na ajiye.

"Gwajin asibiti" shi na fi ji a labarai. To amma ka faɗa wa kowa haka, gwajin jini da na fitsari zai kawo a ransa, ya tambaye ka ko sai ya zo da azumi. Fassarar kai tsaye kuwa ba a magana: sarir gado ne, ta Turawan ma asalinta kalmar gado ce a Girkanci, sai dai "gwajin gado" aikin kafinta ne, a rubuce kuma wani ya ɗauka rabon gado ake nufi.

"Gwajin magani" ya fi kusa, kuma sau da yawa daidai ne. Cutar MERS da aka fara ganowa a nan Jidda a 2012, wadda ake ɗauka daga raƙuma, an yi mata irin wannan a asibitocin Saudiyya ƙarƙashin Dakta Yasin Arabi na Riyad. Majinyata 95 aka raba gida biyu. Sakamakon da ya fito a 2020 ya nuna kashi 28 cikin ɗari na waɗanda aka ba haɗin magungunan da ake gwadawa sun rasu, a ɗaya ɓangaren kashi 44. Wannan gwajin magani ne ba musu. To amma likitan nan dai ya jagoranci wani da ya fito a 2015, a kan majinyata 894 da ke sashen kulawa ta musamman a Saudiyya da Kanada, tambayar kuma ita ce: a ɗura musu cikakken abinci ta roba, ko a rage? Ba a ga bambanci a yawan mace-mace ba. A Faransa kuma an gwada kwantar da masu tsananin ciwon huhu rub da ciki, aka ga yana ceton rai. Ina magani a nan? Ciyarwa ce da kwanciya.

Na dawo, na karanta amsoshinku, Allah ya saka da alheri.

Wani ɗan uwa, haifaffen Maiurno ta Sudan, ya ce su tajriba kawai suke cewa, mu ara mu huta. Na so hakan, sai na tuna mun riga mun ari saiwar kalmar tun kaka da kakanni, ita ce ta ba mu jarrabawa. Ka tsaya kan mara lafiya ka ce "jarrabawa ce", amsar da za ka ji ita ce, "Allah ya ba mu ikon cinyewa." Kuma wanda ke Kano ko Damagaram bai san tajriba ba.

Wata 'yar uwa mai aikin jinya a Riyad ta ce a jefar da gwaji gaba ɗaya, a ce "binciken lafiya", hankalin mutane zai fi kwanciya. Hajiya, a nan kam ban bi ki ba. Zai kwanta ne don an ɓoye masa cewa akwai abin da likitan kansa bai tabbatar ba tukuna. Ƙa'idar Helsinki ta 1964, wadda ta tsara yadda likitoci za su yi bincike a kan mutane, a kan yardar mutum bayan ya fahimta aka gina ta. Ni tafinta in na tausasa kalma har ta daina faɗin gaskiya, sa hannun da aka samu ta bakina haramun ne.

Don haka ni dai na tsaya a kan gwajin jinya. Jinya ta ɗauke magani, tiyata, ciyarwa, juya majinyaci, duk abin da ake yi wa wanda ke kwance, ga kuma gadon nan na Larabawa ya shigo ba tare da an ambace shi ba. Masu cewa jiyya su ce gwajin jiyya, ba faɗa. Wani malami daga Madina ya ce riga-kafi fa, tunda masu lafiya ake yi wa? Gaskiyarsa, wannan sai mu ce gwajin riga-kafi, kowa ya gane.

Abin da ya ƙara min ƙarfi shi ne gwada a Hausa ba ɗanɗana dafi kaɗai take nufi ba. Yara biyu sukan haɗa baya su gwada tsawo. Da haka na koma wa tsohuwar washegarin ranar da abin ya faru. Na ce, "Inna, jinya iri biyu ce, likitoci ba su san wadda ta fi ba, shi ne ake gwada su kamar tsawo. Ƙuri'a ce za ta zaɓi wadda za a yi miki, likita ba shi da hannu, don kada ya tura masu ƙarfi-ƙarfi ɓangaren da yake so. In kin ƙi, ba abin da zai ragu a kulawarki. In kin shiga kika fasa, ki fita ranar da kika ga dama." Ta yi shiru, ta ce, "To ai ka ce haka tun jiya." Ta naɗe takardar ta sa a jaka, sai ɗanta ya karanta mata.

Saura guda ta gagare ni: ƙwayar nan da ake yi kamar magani alhali ba komai a cikinta, da ake ba ɓangare ɗaya a wasu gwaje-gwajen don a kwatanta. "Maganin bogi" ba zai yiwu ba, jabu za a ji, a kira 'yan sanda. Ina tsakanin fankon magani da holoƙon magani. Na fi karkata ga holoƙo, hadarin da ya haɗu bai zubar ba, sai dai yaranmu da aka haifa a nan ba su taɓa ganin hadarin kaka ba. Wanne kuka gani?